Daga Sansanin Mafoni Zuwa Ɗakin Gobe-da-Nisa: Tarihin Jinyar da Ke Bayan Dashen Ɓargo

Sunan Mafoni ya girmi birnin da ya haɗiye shi. Bayan an kashe Rabe a Kusuri a 1900, an kuma kashe ɗansa Fadlallah a Gujba a 1901, sojojin Ingila sun shigo Borno a 1902 suka kafa sansani a Mafoni, kusa da kogin Ngadda. Sai a 1907 Shehu Abubakar Garbai ya baro Kukawa ya kafa Yerwa a maƙwabtansu, daga nan Maiduguri ta fara zama abin da muka sani, Mafoni kuma ta koma unguwa ɗaya cikin unguwanninta. A wannan sansani ne, cikin Nuwamba 1904, Kyaftin Claud Alexander, wanda ya biyo wansa Boyd Alexander aikin auna ƙasa zuwa Tafkin Chadi, ya rasu da zazzaɓin taifot. Matashi ne mai ƙarfi, hafsan sojan daular da ta fi kowace ƙarfi a lokacin, amma babu ƙwayar magani ko ɗaya a duniya da za ta kashe abin da ke cin hanjinsa, domin sai a 1948 aka gwada maganin taifot na farko mai aiki. Abin da ake iya yi masa shi ne abin da ake yi wa talakawan Borno da suka mutu da irin ciwon a wannan shekara ba tare da an rubuta sunansu ba: a ba shi ruwa, a juya shi, a rage masa zafin jiki, a jira a ga ko jikin zai yi nasara da kansa.

Na ɗauko wannan labari ne saboda likitancin zamani, a ɗaya daga cikin ayyukansa mafi wuya, da gangan yake mayar da mutum cikin halin da ya fi wannan muni. Idan za a yi wa babba dashen ɓargo daga jikin wani, ko don sankarar jini ko don sikila, sai an fara kashe ɓargonsa da garkuwar jikinsa da magunguna masu dafi, wani lokaci har da haske mai ƙuna, kamar yadda manomin masakwa ke ƙone ciyawar firgi ƙurmus kafin ya dasa irinsa. Dashen kansa ba tiyata ba ce. Leda ce ake ratayawa, ƙwayoyin da ke haifar da jini su bi jijiya su shiga cikin 'yan sa'o'i, babu wuƙa babu ɗinki. Bayan nan ne ake shiga mako biyu zuwa uku da majinyaci ba shi da fararen ƙwayoyin jini da za su kare shi, ba shi kuma da ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini. Ko da sabon ɓargon ya kama, akwai haɗarin ya ɗauki jikin da ya sauka a ciki a matsayin abokin gaba, ya far wa fata da hanji da hanta. Gwargwadon asibiti da irin majinyatansa, daga ɗaya cikin goma zuwa kusan ɗaya cikin uku na manyan da aka yi wa wannan dashe sukan ƙare a sashen kulawa ta musamman. Ra'ayina shi ne tarihin dashen ɓargo, idan an karanta shi a natse, tarihin wannan jinya ne. Duk garin da ke fatan yin dashen, har da Maiduguri, gadajen kulawarsa ta musamman da ma'ajiyar jininsa da ɗakin gwajinsa ne za su faɗi ko ya shirya.

Shekarun farko sun isa shaida. A 1957 E. Donnall Thomas, yana ƙaramin asibiti a Cooperstown ta Amurka, ya ba da rahoton mutum shida da ya ɗura wa ɓargon wasu. Babu wanda ya rayu. A 1958 Georges Mathé a Faransa ya yi wa ma'aikata biyar na cibiyar binciken nukiliyar Vinča ta Yugoslabiya dashe bayan haɗarin da ya rutsa da su. Huɗu sun tsira, amma ɓargon baƙon bai zauna ba, nasu ne ya farfaɗo daga baya. A 1970 Mortimer Bortin ya tattara dashe 203 da aka yi a duniya, ya tarar uku kaɗai ke raye. Likitoci da yawa sun bar fagen. Gano nau'o'in da ke sa jikin mutum biyu ya dace, aikin da Jean Dausset ya buɗe, ya kawo nasarar Robert Good a Minnesota a 1968, inda ya ceci jariri da ɓargon yayarsa. Duk da haka, da Thomas, wanda ya koma Seattle, ya fitar da sakamakon mutum 100 masu sankarar jini a 1977, 13 ne suka daɗe a raye. Abin lura shi ne me ya kashe sauran. Wasu cutar ce ta dawo, amma da yawa ciwon huhu ne, da ƙwayoyin cuta a jini, da funfuna, da tawayen sabon ɓargo. Hanyar ɗura ƙwayoyin ba ta canja sosai ba daga wancan lokaci zuwa ranar da Thomas ya karɓi lambar Nobel a 1990. Abin da ya canja shi ne saikulosforin da aka haɗa da metotireksat don kwantar da tawayen, da magungunan bairos da na funfuna, da na'urar tace ƙwayoyin tsayar da jini daga jikin mai bayarwa, da ma'aikatan jinya da suka koyi gane mutuwa tun tana nesa.

Shi kansa sashen kulawa ta musamman, wanda mutanenmu ke ce wa gobe-da-nisa, ba na'ura ce ta haife shi ba. A Agusta 1952 annobar shan-inna ta mamaye Kofinhegin, asibitin Blegdam kuwa na'urar huhun ƙarfe ɗaya ce da shi, sai 'yan ƙanana shida. Cikin mutum 31 na farko da numfashinsu ya shanye, 27 suka mutu. Likitan sa barci Bjørn Ibsen ya ba da shawarar a huda maƙogwaro a sa bututu, a riƙa matsa iska da hannu ta jakar roba. Ɗaliban likitanci da na haƙori kusan 1,500 suka yi ta karɓa-karɓa dare da rana, makonni da watanni, mace-macen suka ragu da fiye da rabi. A Disamba 1953 Ibsen ya buɗe sashe na dindindin inda ake tara masu ciwo mafi tsanani wuri guda, kowane da ma'aikaciyar jinyarsa, ana auna jininsu a kai a kai. Tsarin ke nan har yau: ido da ba ya barin majinyaci, gwajin da ke dawowa da wuri, da wanda ke da ikon yanke shawara da ƙarfe uku na dare.

Da waɗannan fannoni biyu suka haɗu, haɗuwar ba ta yi daɗi ba. A 1996 Gordon Rubenfeld da Stephen Crawford suka duba majinyata 865 da aka sa wa na'urar numfashi bayan dashe a cibiyar Fred Hutchinson ta Seattle tsakanin 1980 da 1992. Kashi 6 cikin 100 ne suka tsira. Cikin waɗanda huhunsu ya lalace, kuma ko dai jininsu ya faɗi har ana riƙe shi da magani, ko hanta da ƙoda suka gaza tare, ba a sami mai rai ko ɗaya ba. Sakamakon ya zama hujjar rufe ƙofa: a asibitoci da yawa na Turai da Amurka, idan aka ce majinyacin dashe ne, likitan sashen kan ce gadon ya fi amfani ga wani. Sai dai rufe ƙofar ya riƙa tabbatar da kansa, domin wanda aka hana shiga sai da ya kusa cikawa ba zai tashi ba, mutuwarsa kuma ta ƙara wa alƙaluman muni. Likitocin asibitin Saint-Louis na Paris, su Élie Azoulay, su ne suka fi kowa yaƙar wannan tunani. Tsarin da suka gwada a kan masu sankara, daga baya aka faɗaɗa shi ga masu dashe, shi ne a karɓi majinyaci da wuri, a yi masa duk abin da ake iyawa na kwana uku zuwa biyar ba tare da rowa ba, sannan a zauna da likitan jini da iyali a duba ko gaɓoɓin na farfaɗowa. Aka kuma gane cewa majinyatan ba ɗaya ba ne. Wanda ƙwayar cuta ta kayar a makonnin farko, kafin ɓargon ya kama, yana da kyakkyawar dama idan an riƙe shi 'yan kwanaki. Wanda tawayen ɓargo ya ƙi jin magani, har ya kai ga na'urar numfashi, har yau da wuya ya tashi. A 2010 cibiyar Seattle ta kwatanta majinyatanta na 1993 zuwa 1997 da na 2003 zuwa 2007, ta ga mutuwar da ba dawowar cuta ta jawo ba, cikin kwana 200 na farko, ta ragu da kashi 60 cikin 100, alhali na baya-bayan sun fi tsufa sun kuma fi ciwo.

A ƙasarmu sikila ce ta kawo wannan magana, ba sankarar jini ba. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita a Nijeriya duk shekara. A shekarun 1970, lokacin binciken zazzaɓin cizon sauro a Garki, wadda ke jihar Jigawa yanzu, Alan Fleming da abokan aikinsa sun tarar kimanin biyu cikin kowane jarirai ɗari na ɗauke da cutar, amma cikin manya da ƙyar a ga ɗaya: sun mutu tun suna ƙanana. Babban mutum mai sikila, mai shekara talatin, mai iyali, sabon abu ne a tarihinmu, kuma yakan iso wannan shekaru da ƙoda da huhu da zuciya da suka sha wuya. Dashen farko da ya warkar da sikila an yi shi ne a Amurka, aka ba da rahotonsa a 1984, a kan yarinya mai shekara takwas da ake yi wa maganin sankarar jini. Manya sun daɗe a waje saboda jikinsu ba ya ɗaukar magungunan ƙone ɓargo, sai a 2009 da cibiyar binciken lafiya ta Amurka ta nuna hanya mai sauƙi a kan manya goma, tara suka warke. A Nijeriya, Nosakhare Bazuaye da tawagarsa sun yi dashen farko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, da taimakon likitocin Basel ta Suwizalan, a kan yaro. An yi wasu 'yan kaɗan, shirin ya tsaya a asibitin. Sai a 2024 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, tare da Gidauniyar Sikila ta Nijeriya, ya fara nasa bayan shekaru na gini da horar da ma'aikata.

Wannan tashi da tsayawa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. An yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a Inugu a Fabrairu 1974, amma har zuwa 2000 duka-duka 102 aka yi. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, wanda aka buɗe a 1983, ya yi dashen ƙoda na farko a 2010, sannan sai a 2025 aka sake. Wanda ya tuna tashin hankalin 'yan ta'adda da ya sami birnin daga Yuli 2009 ba zai ga laifin likitocin ba, kuma hannunsu bai manta aikin ba cikin shekarun. Abin da ke tsayar da irin waɗannan shirye-shirye shi ne abubuwan da ba a ɗaukar su hoto ranar biki. A Janairu 2021 'yan ta'adda sun kayar da turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, aka gyara a Maris suka sake kayarwa, Maiduguri ta shafe kusan shekara a duhu, abin da ya sa aka gina mata tashar lantarki ta iskar gas mai megawat 50 da aka buɗe a 2023. A 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, kamar yadda ta yi a 1994, ruwa ya shiga asibitin koyarwar da Asibitin Ƙwararru na jiha, ya lalata kayan aiki masu tsada. Mai karyewar ƙafa ana iya ɗaukarsa a kai shi tudu. Wanda ke kwana na goma bayan dashe, babu farin jini ko ɗaya a jikinsa, fitar da shi daga ɗakin da ake tace iskarsa zuwa cikin ruwan kwata hukuncin kisa ne. Ko ba ambaliya, ƙurar hunturu na ɗauke da funfunar da ba ta yi wa mai lafiya komai, amma ta cinye huhun irin wannan majinyaci.

Jini ne ma ya fi komai nuna inda gizo ke saƙar. Al'adarmu a asibiti ita ce a ce wa dangi su kawo mai ba da jini, su kuwa su kira 'yan'uwa ko su biya wanda ke tsaye a bakin ƙofa. Wannan tsari na iya ceton mai haihuwa. Mai dashe kuwa yana buƙatar ƙwayoyin tsayar da jini, wani lokaci kullum, kuma waɗannan ba sa wuce kwana biyar a ajiye, ana jujjuya su ba tsayawa a ɗumi mai ƙayyadadden ma'auni, sai kuma an haska su don kashe fararen ƙwayoyin mai bayarwa. Jinin ɗan'uwa, wanda muke ganin ya fi kowane aminci, shi ne likitocin dashe suka fi gudu, domin kafin dashe yana iya sa jiki ya ƙi ɓargon dangi, bayan dashe kuma ya fi saurin tayar da tawaye. Haka al'adar dubiya, wadda addini ya kwaɗaitar da ita, Kanuri da Hausawa da Shuwa kuma suka riƙe ta da kyau: ɗaki cike da maƙwabta, kwanon abinci daga gida, hannu a goshin mara lafiya ana masa addu'a. A watannin farko bayan dashe kusan duk wannan sai an dakatar da shi. Ban ga alamar mutanenmu za su ƙi fahimta ba idan malamai da likitoci suka yi bayani, kuma mai jinya guda daga dangi, wanda asibitocin Amurka ke sharɗanta samunsa kafin su yarda su yi dashe, mu a yalwace muke da shi. Amma a asibitocinmu mai jinyar nan shi ne mai sayo magani a kemis, mai kai jini ɗakin gwaji, mai neman kuɗin gado. Zazzaɓi a jikin da ba shi da garkuwa yana son allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin sa'a guda, sa'ar nan kuwa ba ta isa a rubuta takarda a je a biya a dawo ba.

Akwai masu cewa duk wannan tsoro na zamanin da ne, tunda sababbin hanyoyin dashen sikila masu sauƙi ne, yawancin majinyata ba sa ganin ƙofar sashen kulawa ta musamman. Gaskiya ne an samu sauƙi. Amma sakamakon da ake kafa hujja da shi daga asibitocin da sashen ke bene ɗaya da ɗakin dashe ya fito, inda ake auna yawan maganin danne garkuwa a jini a gyara shi kafin ya lalata ƙoda, ake kuma neman bairos a jini kowane mako kafin ya kai huhu. Ƙarancin masu shiga sashen amfanin wannan sa ido ne. Masu sikila kuma suna da nasu haɗarin: a gwaje-gwajen farko na shekarun 1990 an sami farfaɗiya da zubar jini a ƙwaƙwalwa, sai da aka tsaurara riƙon hawan jini, aka ɗaga adadin ƙwayoyin tsayar da jini da ake ƙara musu, kafin abin ya lafa. Ƙari a kan haka, mai sankarar jini da ya mutu wajen dashe dama mutuwa ce a gabansa, mai sikila kuwa da ƙafarsa ya shigo, wataƙila da sauran shekara ashirin a gaba.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma daga ɗaya ɓangaren take zuwa: a jihar da yunwa da kwalara da ƙyanda ke kashe yara, wane ne ya aiki mutum maganar dashen da kuɗinsa zai ciyar da ƙauye? Masu wannan magana suna da hujja a Kano, inda binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala, tare da jami'ar Vanderbilt, ya nuna cewa duba jijiyoyin ƙwaƙwalwar yara da ba su ƙwayar haidiroksiyuriya mai araha na kare su daga shanyewar ɓarin jiki. Idan zaɓi ne tsakanin wannan da ɗakin dashe, ba na jinkirin zaɓar na farko. Sai dai abubuwan da na lissafa ba na masu dashe kaɗai ba ne. Ma'ajiyar jini mai masu bayarwa na sa kai, ɗakin gwajin da ke gano ƙwayar cuta da maganin da ke kashe ta, iskar oksijin a bango, wutar da ba ta ɗaukewa, ma'aikaciyar jinya ɗaya ga gado ɗaya ko biyu, su ne ke ceton mace mai jijjigar haihuwa, da wanda bam ya tashi da shi, da mai sikilar da ƙirjinsa ya toshe. Garin da ya gina su ya ci riba ko bai taɓa yin dashe ba. Shi ya sa ban gamsu da masu cewa a fara dashen, shi zai ja sauran asibitin sama ba. Ya taɓa faruwa a wasu wurare, amma Inugu da Benin sun nuna yadda abin ya fi ƙarewa a nan, kuma kuɗin koyon darasin rayukan majinyatan farko ne.

Maganar ma ba ta jiran ranar da Maiduguri za ta yanke shawara, domin masu hali suna kai 'ya'yansu da kansu Indiya da wasu ƙasashe, a yi dashen, bayan 'yan watanni su dawo gida suna shan maganin danne garkuwa. Tawayen ɓargo na iya tasowa bayan wata shida ko shekara, bairos ɗin da ya kwanta na iya farkawa, ga zazzaɓin cizon sauro da likitan Delhi bai sa a lissafinsa kamar yadda ya kamata a nan ba. Irin wannan majinyaci idan numfashinsa ya sarƙe a Mafoni ko Gwange, asibitin koyarwa za a nufa da shi, likitan da ke bakin aiki kuma zai fuskanci tambayar da Seattle da Paris suka shafe shekara talatin suna muhawara a kai, ba tare da takardun dashen a hannunsa ba sau da yawa. Tsarin kwana uku zuwa biyar na cikakkiyar kulawa yana aiki ne inda ba a tambayar kuɗi kafin a kunna na'ura. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa a rubuce, amma yawancin iyalai daga aljihu suke biya, iyalin da suka sayar da gida da gona don zuwa Indiya kuwa su ne suka fi kowa rashin abin ajiyewa a teburin karɓar kuɗi a daren da ake buƙatar gadon.